Sharhi a kan Awon Bambanci Tsakanin Rukunan Masu Magana: Misali daga Hausar Filinge

1.0 Gabatarwa

A shekarar 1978 mujallar Harsunan Nijeriya, wadda Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta Kano ke bugawa, ta fito da maƙalar J. G. Malka a fitowarta ta 8, a kan bambance-bambancen furuci da ke tsakanin Daidaitacciyar Hausa da Hausar Filinge ta Jumhuriyar Nijar. Da Hausa aka rubuta ta, kuma da wuya wanda zai yi magana a kan Kurhwayanci ya tsallake ta. Aiki irin wannan yakan jera tsari biyu ne kafaɗa da kafaɗa, ga yadda Kano ke faɗi, ga yadda Filinge ke faɗi. Shi ne tushen duk abin da zai biyo baya, gama ba a ƙirga abin da ba a riga an siffanta shi ba. To amma akwai wata tambaya da siffantawa ba ta iya amsawa, watau: a cikin mutanen ƙasar, su wane ne ke riƙe da furucin gida, sau nawa suke yinsa, kuma su wa suka fara sakinsa?

Wanda ya nufi wannan tambaya tilas ya shiga ilmin ƙididdiga. Tun da kwamfuta ta wadata a jami'o'i, manhaja irin su SPSS ta zo hannun kowane ɗalibi, wata jimla ta zama ruwan dare a kundayen digiri, musamman na fannin koyarwa, har ta fara malalowa cikin na nazarin harshe. Akan ce: bayan an cire tasirin shekaru, ko na ilmi, ko na arzikin iyaye, bambancin da ke tsakanin rukunan biyu ya tabbata. Hanyar da ke haifar da wannan jimla ita ce wadda masu ƙididdiga suka taƙaita sunanta suka ce ankoba, watau awon bambancin rukuni da rukuni tare da cire rabon wani abu na uku da ke tafiya da su. Wannan abu na uku shi za a riƙa kira ɗan rakiya a nan.

Manufar wannan sharhi ita ce a ɗora jimlar a kan sikeli, a ga nauyin da take iya ɗauka. An zaɓi ƙasar Kurfai ta zama wurin gwaji domin kuwa kusan duk sharaɗin da hanyar ta dogara a kansa yana shan wuya a can.

2.0 Ƙasar Kurfai da abin ƙirgawa

Filinge tana cikin kwarin Dallol Boso, kimanin kilomita 180 arewa maso gabas da Yamai, a jihar Tillaberi, kuma ita ce cibiyar Kurfai. Kurfayawa su ne bakin iyakar Hausa ta yamma a wannan sashe. Kudu da su akwai Imanan ta Buzaye da garinta Bonkuku, da Tondikandiya ta Zabarmawa, da Tagazar mai kasuwar Baleyara. Arewa kuwa sai Tukunus da Abala da dajin makiyaya, Fulani da Buzaye. Ba abin mamaki ba ne a nan mutum ɗaya ya yi Hausa a gida, ya yi ciniki da Zabarmanci, ya cika takarda da Faransanci.

Kurhwayanci reshe ne na Hausar yamma, kuma siffofin Hausar yamma sanannu ne: anka, munka, sunka a shuɗaɗɗen lokaci na biyu, inda Kano ke da aka, muka, suka; na da ta a matsayin dirka, maimakon ne da ce; zamna a madadin zauna; sa'an nan hw a gaban wasalin a inda Kano ke da f, kamar hwari, hwara, hwaɗi. Siffar ƙarshe tana cikin sunan karin harshen kansa, don haka ita za a ɗauka misali. Mai bincike zai naɗi maganar mutum a rikoda, ya tsamo duk kalmar da f ko hw ke iya zuwa a gaban a, ya ƙirga kashi nawa cikin ɗari suka fito da hw. Tambayarsa kuwa ita ce ko mutanen cikin garin Filinge sun bambanta da na ƙauyukan kewaye, irin su Shikal, a wannan furuci.

3.0 Inda hanyar ta fito

A gona aka haifi ankoba. R. A. Fisher, wanda ya yi aiki a tashar binciken noma ta Rothamsted a Ingila daga 1919 zuwa 1933, shi ya shigar da ita cikin bugu na huɗu na littafinsa na hanyoyin ƙididdiga a 1932, kuma misalin da ya kawo na gonar shayi ne a tsibirin Silon, wanda ake kira Siri Lanka a yau. Fegi-fegin gona ba su zama ɗaya a ƙarfin ƙasa, saboda haka amfanin da kowane fegi ya bayar kafin gwaji shi ake riƙewa a gyara lissafin amfanin da ya bayar bayan gwaji.

Ba sai an je Silon ba kafin a fahimci wannan. A Tukunus, arewa da Filinge kaɗan, akwai tashar kiwon shanun Azawak. A ƙaddara ma'aikatanta suna son su san ko angurya ta fi harawar wake gina jikin maraƙi. Za su ɗauki maruƙa 40, su auna nauyin kowanne, su jefa ƙuri'a su raba su gida biyu, su ba kowane gida abincinsa wata uku, su sake aunawa. Maraƙin da ya fara da nauyi zai gama da nauyi ko me aka ba shi. In an cire rabon nauyin farko, sai hayaniyar da ke cikin alƙaluman ta ragu, tasirin abincin ya fito fili. A nan hanyar ba ta da abin zargi, kuma dalilan a bayyane suke. Ƙuri'a ce ta raba rukunan, don haka babu wani ɓoyayyen abu da ya tara ƙarfafa a gefe guda. An auna ɗan rakiya tun kafin a fara ba da abinci, don haka abincin bai taɓa shi ba. Sa'an nan sikeli ne ya auna shi, sikeli kuwa ba ya kintace.

Babu wanda ya jefa ƙuri'a ya raba Kurfayawa, wannan a haife shi cikin gari, wancan a ƙauye. Da zarar an ɗauko hanyar daga garke an kawo ta cikin mutane, aikinta ya sake. Da tana rage hayaniya ne tsakanin rukunan da ƙuri'a ta riga ta daidaita. Yanzu ana neman ita da kanta ta daidaita rukunan da tarihi ya bambanta. Wannan kaya ya fi na farko nauyi nesa ba kusa ba.

4.0 Lissafin a Filinge

Alƙaluman da ke tafe na misali ne, an tsara su don sauƙin bayani, ba sakamakon wani bincike ba ne. A ƙaddara an sami haka:

(1) Cikin gari: mutum 40, matsakaicin shekarunsu 30, hw kashi 45 cikin 100.

(2) Ƙauye: mutum 40, matsakaicin shekarunsu 50, hw kashi 75 cikin 100.

Tazarar da ido ke gani maki 30 ce. Mai hankali zai ce a dakata, domin mutanen ƙauyen sun girmi na garin da shekara 20, tsofaffi kuwa a ko'ina sun fi riƙe furucin da. Sai a duba cikin kowane rukuni a ga yadda hw ke hawa tare da shekaru. A ce an sami kowace shekara 10 tana ƙara maki 6. Ke nan shekara 20 ta ɗauki maki 12 daga cikin 30 ɗin. Hanyar takan mai da rukunan biyu kan shekara ɗaya, a nan 40: na gari ya hau daga 45 zuwa 51, na ƙauye ya sauko daga 75 zuwa 69. Saura maki 18. Daga nan ma'aunin F zai duba ko 18 ɗin ta wuce abin da dace ko katari ke iya kawowa in an tsinci mutum 80 daga cikin jama'ar da ba ta da bambanci. In yiwuwar haka ta gaza 5 cikin 100, sai a rubuta cewa bambanci ya tabbata.

Abin lura a nan shi ne iyakar abin da ma'aunin F ya ce. Ya ce da wuya 18 ta zama katari. Bai ce zaman gari ne ya haife ta ba, bai kuma ce 12 da aka cire ita ce daidai rabon shekaru ba. Waɗannan biyu mai bincike ne ke faɗinsu da bakinsa, sau da yawa ba tare da ya san ya faɗa ba.

4.1 Layi biyu da ba su tafi tare ba

Lissafin da ya gabata ya ɗauka cewa shekara 10 tana ƙara maki 6 a gari, tana kuma ƙara 6 a ƙauye. In furuci yana cikin sauyawa, wannan shi ne abin da ya fi wuyar faruwa. A ƙaddara a ƙauye yaro da tsoho kusan bakinsu ɗaya, shekara 10 tana ƙara maki 1 kacal, a gari kuwa tana ƙara 10. A kan shekara 20, na gari yana da 35, na ƙauye 72, tazara 37. A kan shekara 60, na gari 75, na ƙauye 76, tazara 1. Kwamfuta za ta haɗa gangaren biyu ta ba da adadi guda, wajen 19, wanda gaskiya ne ga ɗan shekara 40 kaɗai. Ainihin abin da aka gano, watau cewa tsofaffin gari da na ƙauye bakinsu ɗaya, samarin gari ne suka ware, ya nutse cikin wannan adadi. Tun 1936 Johnson da Neyman suka nuna yadda za a gane daga wace shekara bambancin ke farawa. Ko ba a kai ga dabararsu ba, zane guda mai ɗigo 80 da layi biyu ya isa ya tona asiri, ga shi kuwa shi ne abin da aka fi mantawa a buga.

4.2 Samarin da ba su nan

Me ya sa tun farko mutanen ƙauyen suka girmi na gari? Ruwa ba ya tsami banza. Mai bincike yakan fita da rani, sa'ad da hanya ke biyuwa, manoma kuma suna da sukunin zama. Lokacin ne samarin ƙauye ba su gida, sun tafi cin rani Yamai, ko Nijeriya, ko gaɓar teku, ko arewa. Wannan tafiya tsohuwa ce a Kurfai. Bautar Hauka da ta ɓulla a wajen Shikal a 1925 ta bi sawun 'yan ci-rani har Gwalkwas, can Jean Rouch ya tarar da ita a Ankara ya ɗauki fim ɗinsa da ya fito a 1955. To in a rukunin ƙauye da ƙyar aka sami mutum biyar da ba su kai shekara 35 ba, layin ƙauye a wannan sashe ba a kan mutane ya tsaya ba, an ja shi ne cikin iska. 'Yan samarin da aka tarar kuma su ne waɗanda ba su tafi ba, watau waɗanda kunnensu ya fi ƙarancin jin wata Hausa. Ba su wakiltar sa'o'insu.

Kalmar gari ma sai an yi hankali da ita. Tun daga 2012, da aka kafa sansanin 'yan gudun hijirar Mali a Abala, da kuma tashin hankalin da ya biyo baya a arewacin jihar Tillaberi, mutanen ƙauyuka da yawa sun taso sun koma manyan garuruwa. Wanda aka tarar cikin gari yana iya zama bai fi shekara uku da barin ƙauyensu ba.

4.3 Shekarun kintace

Sikelin Tukunus ba ya kuskure sai kaɗan. Shekarun dattijon ƙauye kuwa ƙiyasi ne. Da yawa ba su da takardar haihuwa sai hukuncin kotu da ya maye gurbinta, wanda ke cewa an haifi mutum wajen shekara kaza. Wasu sai an bi da su ta manyan abubuwan da suka faru, farin 1973 da 1974, ko yunwar 1984, ko a tambayi wanda ya girme su. Masu ƙidayar jama'a sun daɗe da sanin yadda amsoshi ke taruwa a kan 40, 50 da 60.

Wani zai ce ai kuskuren yana faɗawa sama yana faɗawa ƙasa, zai share kansa. Ba haka lissafin yake ba. Kuskure a awon ɗan rakiya yakan kwantar da gangaren layi, ko ta wane gefe ya faɗa. In gaskiyar magana maki 6 ce a shekara 10, shekarun kintace suna iya mai da ita 4. Sai a cire 8 a inda ya kamata a cire 12, a bar 22 a inda ya kamata a bar 18, a ɗora wa zaman gari maki 4 da ba nasa ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. A Amurka, binciken da aka fitar a 1969 a kan shirin Head Start na 'ya'yan talakawa ya sa aka yi ta cewa shirin bai yi amfani ba. A 1970 Campbell da Erlebacher suka nuna yadda gyaran da bai cika ba irin wannan ke iya sa shiri mai amfani ya yi kama da mai cutarwa, don kawai yaran da ke cikinsa sun fara daga ƙasa.

4.4 Ɗan rakiya ko ɗan gida

A nan ne babbar matsala take. Shekaru dai zaman gari bai haife su ba. Amma mai bincike ba ya tsayawa a kan shekaru, yakan ƙara ilmi, da tafiye-tafiye, da sauraron rediyo, da jin Zabarmanci, yana ganin duk abin da ya ƙara ya ƙara wa aikinsa tsabta.

A fara da ilmi. A Nijeriya shekarun da mutum ya yi a makarantar boko suna iya nuna yawan Daidaitacciyar Hausar da ya karanta, gama darasi ce a can. A Nijar kuwa boko da Faransanci aka yi shi a mafi yawan makarantu. Wanda ya kwafo wannan ɗan rakiya daga kundin Kano ya kawo shi Filinge ya auna wani abu dabam bai sani ba. Hanyoyin da Hausar gabas ke bi ta shigo Kurfai wasu ne: fatauci da cin rani a Nijeriya, da almajiranci, da rediyo tun daga sashen Hausa na BBC da aka buɗe a 1957 da gidan rediyon Kaduna, da finafinan Kano tun daga shekarun 1990, yanzu kuma ga wayar hannu.

To a ce an auna waɗannan duka an cire su. Me aka cire? Zaman gari ba wani iska ba ne da ke shiga bakin mutum ya sauya masa furuci. Zaman gari shi ne kasuwa, da tasha, da gidan kallo, da baƙon ma'aikaci, da maƙwabci Bazabarme. In an cire waɗannan, an cire hanyar da tasirin ke bi ne, sai tazarar ta ruguje, a rubuta cewa babu bambanci tsakanin gari da ƙauye. Alƙalamin ya kwatanta ɗan ƙauye da wani ɗan gari da bai taɓa shiga tasha ba, bai ji rediyo ba, bai san kalmar Zabarmanci ko ɗaya ba. A nemo shi a Filinge a gani.

Frederic Lord ya zana wannan tarko a 1967 cikin wata gajeruwar maƙala. Wata jami'a tana son ta san ko abincin da take bayarwa yana shafar nauyin ɗalibai maza da mata daidai. An auna su a watan Satumba, an sake a Yuni. Masani na farko ya ga matsakaicin nauyin maza bai motsa ba, na mata ma haka, ya ce babu bambanci. Na biyu ya yi ankoba da nauyin Satumba, ya ga in namiji da mace sun fara da nauyi ɗaya, namijin ya fi nauyi a Yuni, ya ce akwai bambanci babba. Babu wanda ya yi kuskuren lissafi. Macen da ta kai nauyin namiji tana cikin masu nauyin mata, namijin da ya yi daidai da ita yana cikin marasa nauyin maza, kowanne kuma yana komawa wajen tsakiyar rukuninsa. Kama da wane ba ta wane. A 1983 Holland da Rubin suka bayyana cewa kowane ɗaya daga cikin masanan biyu ya jingina ne da wani zato a kan abin da zai faru da ba a ci abincin ba, zaton da alƙaluman ba su iya gaskatawa ko ƙaryatawa. Ma'anar wannan ga mai nazarin harshe ita ce, zaɓen abin da za a cire da abin da za a bari hukunci ne na sanin ƙasa da tarihinta, kuma wajibi ne a rubuta dalilinsa kafin a taɓa kwamfuta.

Akwai ma inda kunne ya fi alƙalami. F ɗin Kano da leɓɓa biyu ake yinsa, wani lokaci har ya kusa zama p. Na Faransanci da na Zabarmanci kuwa da leɓen ƙasa da haƙoran sama ake yinsu. Saurayin Filinge da ya bar hwara ya koma fara, irin f ɗin da ke bakinsa yana iya nuna ko daga gabas sauyin ya zo ko daga Yamai. Wanda ya haɗe su duka a gurbi ɗaya ya zubar da shaidar da ta fi kowace ƙarfi, sa'an nan ya koma yana nemanta a wurin ɗan rakiya.

4.5 Shaidu nawa?

Wani kuskure kuma gajere ne a faɗi. Mutum 80 suna iya ba da kalma 4,000, amma shaidu 80 ne, domin kalma 50 daga baki ɗaya ba su zaman kansu. In an ba kwamfuta 4,000 a matsayin shaidu, kusan kowane ɗan bambanci zai tabbata. Kalmomin su ma samfuri ne, kamar yadda Herbert Clark ya faɗakar a 1973: ana iya samun hw ta zauna daram a hwari da hwara, ta kauce a kalmomin aro da na addini. Hanyar da Cedergren da Sankoff suka shimfiɗa a 1974 ta fi dacewa da abu mai fuska biyu irin f da hw, kuma tun wajen 2009, da aikin D. E. Johnson, an saba da sanya mai magana da kalma kowanne a gurbinsa cikin lissafi. Wannan ya gyara ƙirgar shaidu. Bai taɓa matsalolin da aka ambata a baya ba ko kaɗan.

5.0 Inda abin ya shafi yara

Kada a ɗauka riƙe abu na uku ɓata lokaci ne. A ƙasar Wels, D. J. Saer ya ba da rahoto a 1923 cewa yaran karkara masu harshe biyu sun gaza masu Ingilishi kaɗai a gwajin basira, aka daɗe ana kafa hujja da shi a kan cewa harshe biyu yana rikita ƙwaƙwalwa. Da W. R. Jones ya sake duba irin waɗannan alƙaluma a 1959 tare da lura da sana'ar iyaye, sai tazarar ta zama ba abin dogaro ba. Sana'ar uba ta riga gwaji, jin harshe biyu na yaro bai haife ta ba, ana kuma samun kowace irinta a rukunan biyu. Inda sharuɗɗa suka cika, hanyar ta wanke yara daga ƙazafi.

Nijar tana gaban irin wannan shari'a. An buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram a 1973, daga baya aka ƙara Zabarmanci, Fulatanci, Tamajak da Barbarci. Awon da aka yi da taimakon hukumar GTZ ta Jamus, wanda aka buga a 2002, da maƙalar Mart Hovens ta wannan shekara, sun nuna cewa yaran da suka fara da harshen gida sun fi iya karatu da rubutu, har da na Faransanci. Sakamakon ya yi daidai da na shirin shekara shida na Ife da aka fara da Yarabanci a 1970, kuma babu dalilin ƙin yarda da alƙiblarsa. Sai dai makarantun gwajin ba ƙuri'a ta zaɓe su ba, hukuma ce ta ajiye su inda ta ajiye, malamansu kuma sun sami horo na musamman. Girman tazarar, wanda shi mai tsara kasafi ke bukata, yana ɗauke da duk nauyin da aka bayyana a sama.

A watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ɗora Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Duk littafin karatu da za a rubuta wa 'yan aji ɗaya sai ya zaɓa tsakanin suka da sunka, tsakanin fari da hwari, ko ya yi wa biyun wuri. In wani kundi ya ce bayan an cire tasirin kaza da kaza Kurhwayanci ya riga ya tafi, ko ya ce yaran Kurfai ba su shan wahala da littafin Hausar gabas, maganar za ta iya komawa littafi a hannun yaro ɗan shekara bakwai a Shikal.

Abin sha'awa shi ne, wannan tambaya ta littafi tana cikin 'yan kaɗan da ake iya mayarwa irin gwajin Tukunus. Ba a raba wurin haihuwa da ƙuri'a, amma ana raba littafi. A ɗauki makarantu 40 a ƙasar Kurfai, na gari da na ƙauye, a jefa ƙuri'a a gaban iyaye da masu gari, 20 su karɓi littafi mai furucin gida, 20 su karɓi na Daidaitacciyar Hausa, malaman duka su sami horo iri ɗaya. A gwada yaran a watan Oktoba kafin a raba littafi ko ɗaya, a rubuta harshen da kowane yaro ke yi da uwarsa, Hausa ko Zabarmanci ko Tamajak ko Fulatanci, a sake gwaji a Yuni. Gwajin Oktoba shi ne ɗan rakiya na halal, ya riga littafin zuwa, littafin bai taɓa shi ba. A wajen lissafi kuwa makaranta aka jefa wa ƙuri'a, don haka shaidun 40 ne, ko da yaran da ke cikin azuzuwan sun kai 2,000.